Ka Rubuta Ban Yarda Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗana Ya'u. Ina fatan ka sauka Gumel lafiya, kuma ɗakin da aka kama maka ba mai yoyo ba ne. Allah ya tsare mini kai a hanya da masauki, ya haɗa ka da abokan aiki masu tsoronsa, ya raba ka da sharrin mai murmushi da na mai ɗaure fuska. Mu nan lafiya lau muke. Innarka tana gaishe ka, ta ce yajin da ta ƙulle maka a ƙasan jaka kada ka bar shi a buɗe. Labarin gida ke nan, ba shi ne ya sa na ɗauki biro ba.

Ranar da za ka tafi na raka ka bakin titi a Gagarawa Tasha da magana cike da bakina. Ka ga dai yadda aka yi. Muka tsaya muna kallon motoci, na ce Allah ya kiyaye, ka ce amin Baba, shi ke nan. A waya kuwa ka san halina, in na fara sai zuciya ta ɗebe ni in yi ta faɗa, kai kuma ka yi ta cewa to Baba, to Baba, alhali hankalinka yana wani wuri. Shi ya sa na zaɓi takarda. In ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri, aji huɗu na yi, ba irin bokonka ba da har ka fara gyara mini Hausa.

Mutane suna ta zuwa yi mini barka, wai ɗana ya zama magatakardan kwamitin awon gonaki. Ina amsawa, kuma wallahi na yi murna. Amma ka san abin da ke gabanmu. Dagaci ya sa an yi shela cewa ran Alhamis ta sama kwamitinku zai zo garin nan a kan gonakin bakin tafki, waɗanda su kaɗai suka rage mana tun da aka kwashe na gabas. In aka karɓe su, ba mu da inda za mu jefa ƙwayar gero. Ranar ni ina ƙasa cikin talakawa, kai kana kan kujera da littafi, kana rubuta abin da aka ce mun faɗa. Saboda wannan ranar nake son ka san irin uban da kake da shi, domin abin da ka sani game da ni bai kai rabi ba.

Bari in fara da kakanka Malam Haruna, wanda ba ka riska ba. Mutum ne gajere, mai ƙaramar murya, amma in ya ce a'a, ka nemi wani aikin. Ya sha gaya mini cewa a zamanin iyayensu da ƙafa talaka yake gardama. In mai gari ya matsa wa mutane, ba su zage shi ba, ba su ɗauki sanda ba. Sai su ɗora tukwane a jaki, su kora awaki, su nausa daji su sari sabon wuri. Mai gari ya wayi gari ya tarar da kango. Haka kakansa ya baro wajen Ɗanzomo ya zo nan. Shi ya sa masu sarauta na da, komai zafinsu, suke taka-tsantsan, domin sun san mutane suna iya tafiya.

Shekarar da na auri innarka ruwa ya sauka da wuri, gero ya tsiro, ciyawa ta taso masa kamar an aiko ta. Daidai lokacin dagacin wancan zamani ya aiko cewa kowane gida ya ba da namiji kwana uku a gandunsa. Wai gayya. Gayyar da muka sani roƙo ake yi, a dama fura, a kira makaɗa, wanda ya ga dama ya zo. Wannan kuwa ba wanda aka roƙa. Kakanka ya dubi ɗan aiken ya ce, "Ka gaya masa tawa gonar ma ciyawa gare ta." Washegari sai ga dogari: ko ya je ya ba da haƙuri a gaban jama'a, ko a karɓe gonarmu ta gabas a ba wani.

Kakanka ya shiga gida ya fara ɗaure kaya, ya ce za mu ƙetare wajen Magarya inda danginsa suke. Ni kuwa a lokacin na gama gina sabon ɗaki, an yi masa daɓe, amarya tana ciki. Haba, ina zan iya! Na bi dattawan unguwa ɗaya bayan ɗaya na tara masa su a zaure, na durƙusa ina hawaye, ina cewa Baba haƙuri ai ba ya rage mutum, a zauna lafiya. Ya dube ni ya ce, "Habu, gonar kake so ko ɗakin amarya?" Na ce duka biyu. Ya ce to.

Ni na raka shi fada. Da idona na ga ya cire hula, ya durƙusa, ya ɗebi ƙasa ya zuba a kansa, fadawa suna cewa ya tuba, ya bi. A hanyar dawowa ƙasar tana nan a furfurarsa, ya ƙi kakkaɓewa. Da muka zo ƙofar gida ya ce, "Na saya maka gona da goshina, sai ka riƙe ta." Daga ranar bai sake magana a taron gari ba har ya koma ga Allah. Ni kuwa shekara da shekaru ina yabon kaina, wai na yi hankali, na ceci gida.

Ya'u, ban ceci komai ba. Na karya mutumin da ya fi ni ne don in ji daɗi. Kada ka taɓa roƙon mai gaskiya ya ba da haƙuri saboda kai hankalinka ya kwanta. A wannan aiki naka za a riƙa turo ka wurin tsofaffi, tunda kai ɗan ƙasa ne kuma ka iya gaisuwa. Za a ce je ka lallashe shi, ka ce dattijo a yi haƙuri a sa hannu. In ka ji an ce maka haka, ka ce kai rubutu aka ɗauke ka yi.

Wancan kuskuren yaro ne. Wanda zan gaya maka yanzu da gemuna na yi shi.

Kana makarantar kwana lokacin da motocin nan masu baƙin gilashi suka fara zuwa. Wakilin hakimi ne ya kawo waɗansu manyan mutane daga birni, aka ce suna son gonakin gabas gaba ɗaya, za su yi noman zamani da injuna, za a ɗauki 'ya'yanmu aiki, za a kawo abin da ba mu taɓa gani ba. Aka sa ranar taro a ƙofar dagaci. Kafin ranar muka haɗu a masallaci bayan la'asar, duk mai gona a gabas, muka yi magana da baki ɗaya: ba mu bayarwa. Da aka zo wa zai faɗa, sai kowa ya ce Habu, shi ya iya magana. Ba zan ɓoye maka ba, kaina ya kumbura. Malam Idi, wanda gonarsa ke iyaka da tamu, kai ma ka san shi, mai shanun huɗan nan biyu farare, ya ja ni gefe ya ce, "Habu, ka ce musu ba mu yarda ba, ka zauna. Kada ka yi mata ado." Na ce haba Idi, ni za ka koya wa magana?

Ka san al'adar fada, amma ba ka taɓa zama a ƙasa ka ji nauyinta ba. Talaka ba ya jefa wa mai sarauta magana kai tsaye. Akwai Sarkin Fada a tsugune a tsakani. Kai ka faɗa, shi ya ɗauka ya miƙa. Mai sarauta da kunnensa yana jin duk abin da ka ce, amma abin da ya fito daga bakin Sarkin Fada shi ne maganar da aka yi. Kuma ba a gyara masa zance a gaban manya, wanda ya yi haka ya yi rashin kunya, har jikokinsa za a riƙa nunawa.

Ranar na sa farar rigata ta Juma'a. Wakili yana kan darduma, baƙin suna kan kujeru, a gefensu wani akawu mai sanƙo ya buɗe littafi a cinya. Aka ce mai magana ya matso. Na cire takalmi, na durƙusa, na fara. Kai, Ya'u, na zuba magana ranar! Na gaishe da wakili, na gaishe da iyayensa da kakanninsa. Na ce mu naku ne, ƙasa taku ce, mu 'ya'ya ne a hannunku, ba mu taɓa saɓa muku ba kuma ba za mu fara ba. Ina ji mutane a bayana suna gyaɗa kai, daɗi yana ratsa ni. Sai can a ƙarshe, da murya ta yi ƙasa, na ce sai dai muna roƙo a duba mana, domin abin da muke ci ke nan, in da hali a bar mana.

Sarkin Fada ya gyara tsuguno, ya ɗaga murya ya ce, "Godiya suke, ranka ya daɗe! Sun ce su naka ne, ƙasa taka ce, ba su taɓa saɓa maka ba, ba kuwa za su fara ba!"

Wakili ya ce, "Madalla. Allah ya yi musu albarka."

Ba kalma ɗaya da Sarkin Fada ya ƙara mini, duk ni na faɗe su, wutsiyar kawai ya yar. Idi ya zungure ni a baya da gwiwar hannu. Na ɗaga ido, sai muka haɗa ido da akawun nan mai sanƙo. Bai rubuta komai ba tukuna. Biro yana sama, yana kallona. Wallahi tallahi mutumin nan ya jira ni. Abin da ya rage mini in ce ranka ya daɗe, ba haka na ce ba. Amma na tuna idon jama'a, na tuna za a ce ɗan Malam Haruna ya gado rashin kunya, na sunkuyar da kai. Da na sake ɗagowa biro ya sauka. Liman ya shafa fatiha.

Sannan aka zagayo da takarda da tawada, aka ce ta waɗanda suka halarta ce. Ni mai magana aka fara miƙo wa. Na iya karatu daidai gwargwado, amma ban karanta ba, don kada a ce ina zargin manya. Na dangwala. Waɗanda ke bayana suka ga Habu ya dangwala, su ma suka bi. Idi kaɗai ya tura hannunsa cikin riga ya tashi ya tafi. Daga baya muka ji cewa takardar amincewa ce.

Na yi shekaru ina tsine wa Sarkin Fada. Yanzu na bari. Shi aikinsa ya yi, abincinsa ke nan, ni na ba shi abin da zai yanka. Wanda zai ƙi abu a gaban mai iko ya fara da ƙin, gaisuwa ta biyo baya in akwai sauran lokaci. Kai kuma ga naka rabon. Za ka ga tsoho ya durƙusa yana ta zagaye-zagaye, yana yabon mutanen da suka zo raba shi da abincinsa. Kada ka yi masa dariya, haka aka rene mu. Ka ajiye biro ka tambaye shi a fili, "Baba, ka yarda ko ba ka yarda ba?" Abin da ya amsa shi za ka rubuta. Akawun nan mai sanƙo mutumin kirki ne, ya jira ni, amma jira bai isa ba. Da ya buɗe baki ya tambaye ni, da na amsa. Kuma kada takarda ta bar hannunka zuwa hannun talaka sai ka karanta masa ita da ƙarfi, da Hausa, tun daga sama har ƙasa, ko da manyanka suna duba agogo.

Bayan girbi aka zo aka kafa turakun siminti. Aka ce katafila tana tafe. Ni kuwa a tsakanin nan an kira ni fada an yafa mini riga mai aiki, an ce daga yau ni ne wakilin manoma. Aka ba ni wuri a bakin darduma. In na shigo Sarkin Fada yana cewa an gaishe ka wakilin manoma. Ka ji abin kunya: na ji daɗi. Gonar da kakanka ya zuba ƙasa a ka dominta tana shirin tafiya, ni ina gyara zaman riga a kafaɗa.

Idi bai sami riga ba. Wata ranar da hantsi ya ɗaura wa shanunsa amalanke, ya bi gonarsa ya tumɓuke turakun nan kaf, ya loda, ya zo ya juye su a ƙofar dagaci, mutane suna kallo. Ya ce, "Ga kayanku, na tsince su a gonata." Kafin azahar 'yan sanda sun tafi da shi. Matarsa ta zo har zaurena, ta tsaya daga waje ta ce, "Malam Habu, ba roƙo na zo ka yi masa ba. Ka je ka faɗi abin da kuka yanke a masallaci."

Na sa rigar na tafi ofishin 'yan sanda. A hanya ina ta shirya magana, zan ce duk garin ne bai yarda ba, Idi ya yi abin da ke zuciyar kowa ne. Da na shiga na ga babbansu a bayan tebur, sai tsohon halin ya dawo. Na ce ranka ya daɗe a yi masa haƙuri, mutumin nan in ransa ya ɓaci ba shi da cikakken hankali, duk gari an sani. Suka yi dariya, suka ce tunda wakilin manoma ya faɗa, a sake shi. Ashe ɗakin da aka kulle Idi yana jikin ofishin, duk ya ji. Da muka fito na miƙa masa hannu, ina jiran godiya. Ya dubi hannun, ya dubi rigar, ya ce, "Habu, da ka bar ni a ciki da hankalina."

Katafila ta zo ta bi ta kan gambar da ke raba gonarmu da tasa, ta tuge gawon da muke hutawa a ƙarƙashinsa, cikin yini ɗaya ba ka iya nuna inda gonar wani ta tsaya. Abin da suka kira diyya ba zan ɓata takarda a kansa ba. Aikin da aka ce za a ba 'ya'yanmu kuwa, kai shaida ne, gadi ne na mutum kaɗan. Idi ya sayar da shanunsa. Yanzu yana kasuwar Maigatari yana loda dabbobin mutane a mota, mutumin da ba a taɓa ganin ƙasan rumbunsa ba. Yara kuma suka riƙe abin da na faɗa, har yau akwai masu ce masa mahaukaci.

Wannan shi ne ya fi ci mini rai cikin duka. Kada ka ceci mutum ta hanyar ƙwace masa gaskiyarsa. In ba za ka iya tsayawa tare da shi ba, ka yi zamanka a gida, ya fi. Sannan ka ji tsoron riga. Ba da bulala aka fi kama irinmu ba. Kai taka rigar kujera ce da albashi, wataƙila nan gaba a ba ka babur, a fara ce maka ranka ya daɗe a bakin tasha. Ban ce ka ƙi ba, halaliyarka ce in ka yi aikin gaskiya. Amma duk ranar da aka yi maka wata kyauta da ba ka nema ba, ka tsaya ka duba me ake so ka yi shiru a kai.

Na zauna na yi tunanin abin nan shekaru, ga kuma inda na tsaya. Na ga mulkin rawani, na ga na kaki, na ga na masu zuwa neman ƙuri'a da lasifika a kan mota. Tufafin ne ke sauyawa. Kowannensu in ya zo abu ɗaya yake son ji daga bakinmu, wato godiya suke. Kuma duk ɗan sararin da talaka yake da shi yau, ba kyauta aka ba shi ba. Kai ba ka taɓa noma gandun dagaci dole ba. Kana tsammani tausayi ne ya kama masu sarauta? Ina! Irin su kakanka ne suka yi ta ƙi, gari bayan gari, waɗansu suka sha duka, waɗansu suka sha ɗauri, har abin ya gagara. Ni na ci moriyar taurin kansu, sannan na zo ina koya wa mutane ladabi.

Hanyar da kakanninmu suka bi kuwa ta toshe. Ba sauran dajin da za a sara. In ka nufi arewa ga iyaka ga jandarma, can ma kowace gona da mai ita. In aka tashe mu daga bakin tafki, sai dai mu watse, wannan ya tafi turin baro a birni, wancan ya tafi gadi. Tunda ƙafa ba ta da inda za ta, baki ne ya rage mana, kuma ni na yi niyyar amfani da nawa kafin a rufe shi da ƙasa. Ba na gaba da sarauta. Zan cire takalmi, zan gaishe da dagaci kamar kullum, ubana ne a gari. Amma gaisuwa daban, gona daban. Liman ya tare ni shekaranjiya yana tuna mini biyayya ga shugabanni. Na ce Allah gafarta Malam na ji, su kuma wa ke tuna musu cewa za a tambaye su a kanmu? Ya ce Habu ka tsufa da rigima. Na ce a'a, rigimar ce ta zo mini a makare.

Satin da ya wuce na ninke rigar nan na kai wa dagaci. Ya ce me ya faru? Na ce ta yi mini nauyi, ranka ya daɗe. Sarkin Fada ya buɗe baki zai ɗauka, na ce bar shi, ya ji. Ka so ka ga idonsa! Ran Alhamis kuma na hau mota na tafi Maigatari, na sami Idi a wajen lodi, na tsaya a gaban abokan aikinsa na ce ni na yi masa ƙarya, hankalinsa ya fi nawa, ya yafe mini. Sai Idi ya ce yaushe ne taron? Na ce Alhamis ta sama. Ya yi tsaki ya ce, "Ranar kasuwa suka sa, don rabin maza ba sa gari." Ka ga ni ban ma lura ba. Ya ce zai bar lodin ranar ya zo, ko da yake ba shi da ko taki ɗaya a bakin tafki. Amma ya ce, "In ka fara ado, tashi zan yi." Mun bi gida gida, bana ba mai zuwa kasuwa ranar.

To Ya'u, ga abin da zai faru, ina gaya maka tun yanzu don kada ya zo maka ba shiri. In aka ce mai magana ya matso, zan matso. Zan ce ban yarda ba, ba mu yarda ba, ba za mu ba da gonakin bakin tafki ba. In Sarkin Fada ya ce godiya suke, zan ɗaga murya in ce ba haka na ce ba, ko sau nawa ne. A ce na yi rashin kunya, na ɗauka. In mota ce za ta tafi da ni, ta tafi da ni, kuma ban yarda ka je ka roƙi kowa a kaina ba, balle ka ce tsufa ne ya taɓa ni.

Abin da nake nema a wurinka ɗaya ne. Ka rubuta abin da na faɗa yadda na faɗe shi. Na san abin da nake ɗora maka. Wata guda ba ka yi a aikin ba, kuma na san wahalar da aka sha kafin a same shi. Za a iya kiranka gefe a ce gyara wurin nan, ai babanka ne, ka fi kowa sanin abin da yake nufi. Za a iya cewa in ba ka gyara ba ka ajiye biron. Kada kuma ka yi mini dabarar 'yan boko, ka wayi gari ran Alhamis ka ce zazzaɓi ya kama ka. In ba ka zo ba wani za a zaunar, wanda bai san mu ba, kuma ba zai tambayi kowa komai ba. Ka zo, ka zauna a kujerarka, ka dube ni.

Kafin a shafa fatiha zan nemi a karanta littafin a gaban jama'a. In na ji an rubuta mun amince, zan miƙe tsaye in ce magatakarda ya yi ƙarya, kuma ba zan sassauta don kai ne ba. Da na gaya wa innarka haka ta yi kuka, ta ce ɗan naka? Na ce ɗan nawa. Ni ma ba da busasshen ido nake rubuta wannan layin ba. Ina sonka, Ya'u, ban taɓa faɗa maka da baki ba, ga shi na rubuta. Na fi son in gan ka ka sauko daga mota da jakarka an kore ka, in tare ka a bakin titi in ɗaukar maka ita a gaban kowa, da in gan ka a babban ofis ka zama irina.

In ka zo rubuta sunayen waɗanda suka ƙi, ka fara da nawa, ka rubuta shi cikakke, Habu ɗan Malam Haruna, da manyan baƙaƙe yadda mai raunin ido zai gani.

Allah ya tsare ka, ya tsare hannunka, ya ba ka ƙarfin zuciyar da ni ban samu da wuri ba. Allah ya kawo ka lafiya ran Alhamis, ya mayar da kai lafiya ko da aiki ko babu. Ya jiƙan kakanka, ya sa ya yafe mini. Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka ci abinci kafin ka taso, taron zai yi tsawo.

Wassalam.

Mahaifinka,
Habu